Nawa ne kuɗin shiru?

Shekara 19 ke nan ina koyar da Faransanci da Hausa a kwaleji da lise, kuma duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san cewa rabin aikinmu ba a cikin aji ake yin sa ba. A gida ake yin sa, da dare, da jan bik a hannu da tulin takardun ɗalibai a gaba. Azuzuwa huɗu gare ni, babu wanda bai haura ɗalibi 70 ba. In na ba su aikin rubuta insha'i, to na ɗaura wa kaina karatun takarda kusan 300, kowace da irin rubutunta da irin kurakuranta, kowace kuma tana da haƙƙin a karanta ta da natsuwa. Natsuwar nan ita ce ta yi mini wuya.

Gidana yana unguwar Zango a nan Damagaram, bango ɗaya ya raba ni da shagon wani tela. A watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba mu saboda takunkumin CEDEAO, sai ya sayi janareto, wanda muke kira gurup, ya girke shi a gindin bangon ɗakin da nake aiki. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma gurup ya sami wurin zama, domin da bazara wuta takan ɗauke, tela kuwa ba ya jiran ta in salla ta gabato. A tsallaken titi akwai injin niƙa. Ƴan kabu-kabu suna wucewa, samarin fada suna dafa shayi da kiɗa a salula har sha biyun dare. Ban ga laifin kowa ba, kowa abincinsa yake nema. Sai dai nakan karanta jimla ɗaya sau uku ban san abin da yaro yake nufi ba, kuma na sha kama kaina ina rage maki saboda haushin da ba ɗalibin ne ya jawo shi ba.

A bazarar bara ƙanen matata, wanda yake aiki a Yamai, ya zo hutu rataye da wani abin sauraro a wuya, irin mai rufe kunnuwa biyu da baka a bisa kai, wanda matasanmu suke kira kas, aron Faransanci. Ba shi da waya, da Bluetooth yake haɗuwa da salula. Da ya ji ina ƙorafi, sai ya ce: “Yaya, ɗan sa wannan ka ji.” Na sa, ya taɓa wani maɓalli, sai rurin gurup ya janye kamar an ɗauke shi an kai bayan gari. Na ɗaga kai ina duban bango, wai ko tela ya kashe injinsa. Bai kashe ba. Ban taɓa sanin nauyin da ƙarar nan take ɗora mini a ƙeya ba sai da aka sauke mini shi.

Ya ce zai sayar mini a kan jaka 140, in biya sannu a hankali, tun da yana son sabo. Ya bar mini shi mako uku in gwada.

Malami ba ya amfani da abu bai nemi sanin yadda yake aiki ba, don haka na yi ɗan bincike. Sauti ba kome ba ne illa girgizar iska, tana matsewa tana sakewa, kamar yadda ruwan tapki yake yi in an jefa dutse. A jikin na'urar akwai ƙananan makirufo, takwas ne a samfurin Sony WH-1000XM5 da aka ara mini, suna sauraron ƙarar waje. Wata ƴar ƙwaƙwalwa a ciki sai ta haifar da kishiyar wannan girgiza, inda ƙara ta tura ita ta ja, inda ƙara ta ja ita ta tura. Kamar yara biyu ne masu ƙarfi ɗaya suna tura ƙyaure, ɗaya daga ciki ɗaya daga waje, ƙyauren ba zai motsa ba. Wato da ƙara ake kashe ƙara. Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani Bajamushe mai suna Paul Lueg ya yi rajistarta tun cikin shekarun 1930, sai dai kayan aikin zamaninsa ba su kai ba. A 1978 Amar Bose, malamin jami'a a Amurka, ya kasa jin kiɗa a cikin jirgin sama saboda rurin inji, ya soma lissafi tun yana cikin jirgin. Kamfaninsa ya fara yi wa matuƙa jirage a 1989, sannan ya fitar da na gama-gari a 2000.

Wannan tarihi ya fahimtar da ni abin da kunnena ya riga ya lura da shi. An ƙera abin ne domin ruri mai kauri wanda ba ya canjawa, irin na jirgi da mota da fanka da gurup. Sautin da yake da kaifi ko mai zuwa ba zato, kamar kukan jariri, ko buga ƙofa, ko gardamar samari a kan ƙwallo, na'urar ba ta iya tarar sa da kyau, sai ɗan abin da matashin kunnen ya tare. Mai son ya rabu da muryoyin mutane sai ya ƙara da kiɗa ko wata magana a ciki. Ashe dai an yi shi ne domin wanda damuwarsa inji ce, mu kuwa a garuruwanmu rabin hayaniyarmu mutane ne.

Duk da haka ba zan ɓoye daɗin da na ji ba. A makon farko na gama gyaran takardun aji biyu a dare uku, aikin da yakan ci mini mako. Na kuma yi tafiya Yamai da shi, kusan kilomita 900 a cikin kar, daga asuba har dare, na sauka kaina bai yi nauyi ba, ga shi batirin bai ƙare ba, don yakan kai awa 30. Amma inda ya fi burge ni shi ne wajen aikin ƙungiyarmu ta raya al'adu. Muna da muryoyin tsofaffin mata da muka ɗauka a ƙauyuka suna tatsuniya da waƙoƙin daka, ni aka ɗora wa rubuta su. Masu koyar da Hausa sun san matsalarmu, rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Gari na zama da gari na tuwo harufansu ɗaya, haka fari na launi da fari na rashin ruwa. Kunne ne kaɗai yake raba su. In tsohuwa marar haƙora tana magana cikin iska, ga akuya tana kuka a bayanta, ga gurup yana ruri a bayanka, sai ka yi ta maimaita wuri ɗaya har ka gaji ka rubuta abin da kake zato. Da na'urar nan a kaina na ji kalmomin da na yi shekara biyu ina sa musu alamar tambaya. Ranar na ce wa matata na yanke shawara, saye zan yi.

Ita ba ta yi gardama ba, sai ta ce in faɗa mata kuɗin sabo. Da aka fitar da shi a 2022, kusan yuro 420 ake sayar da shi a Turai. Yuro ɗaya kuwa sefa 655,957 ne, sai lissafi ya ba da kimanin jaka 275. Mafi ƙarancin albashi a ƙasarmu, bayan ƙarin da aka yi a 2024, jaka 42 ne, wato ladan lebura na fiye da wata shida ke nan a rataye a wuyan mutum ɗaya. Ko rabin kuɗin da ƙanenta ya yanka mini, abin da na tara ne daga gyaran jarrabawar BEPC da zubin adashi, wanda muka yi niyyar sayen farantin hasken rana da batir da shi, don yara su sami fitila da fanka in wuta ta ɗauke. Ta ce: “Malam, farantin nan mu bakwai zai yi wa aiki. Wannan kuwa kunnuwa biyu.” Na ce mata waɗannan kunnuwa biyun su suke ciyar da bakwai ɗin. Ta yi dariya, ba ta ƙara ba.

Akwai kuma abin da ƴan talla ba sa faɗa, domin ba don ƙasarmu suka rubuta tallar ba. A watan Afrilu da Mayu, zafi yana haura digiri 40, matashin kunnen nan na fatar roba yakan jiƙe da gumi kafin rabin awa, har sai ka cire ka share. Na ƙanen matata ya riga ya fara saɓulewa a gefe. Batirin lithiyom ba ya shiri da zafi, ƙarfinsa yana raguwa shekara bayan shekara, kuma ba irin wanda za ka buɗe ka canja da hannunka ba ne. Ƙurar hunturu tana jiran ƙananan ramukan makirufo. In ya lalace, masu gyaran salula na kasuwar Dole gwanaye ne, amma ina za su samo kayan gyaransa? Rediyon mahaifina ya yi shekara 30 yana magana. Wannan in ya yi biyar a hannuna, na gode Allah. Ga jabu kuma sun cika kasuwa, da suna iri ɗaya da kwali iri ɗaya a kan jaka 10, maɓallin kashe ƙarar yana nan amma ba ya kashe kome.

Abu ɗaya na yarda da shi a wajen masu yabon sa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin lalata jinsu, kuma ma'aunin da ta bayar ga babba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako. Ɗalibanmu da suke cusa ƴan ƙananan abin sauraro a kunne suna ƙure murya ne domin su rinjayi hayaniyar titi. Wanda aka rage masa hayaniyar ba ya bukatar ƙurewa. Wannan hujja ce mai ƙarfi, sai dai waɗanda suka fi bukatar kariyar su ne ba za su taɓa iya saye ba.

Duk wannan auna-auna ce ta hankali, kuma da ita kaɗai ce, ina jin da son zuciya ya rinjaye ta. Abin da ya faru ran wata Asabar a mako na uku shi ya tsayar da ni. Matata da yara sun tafi suna, na kulle kaina bayan azahar ina rubuta tatsuniya, murya tana zuba a kunnena. Awa biyu da rabi ban ɗaga kai ba. Da na fito neman ruwan alwala, sai na ga tabarmi shimfiɗe a ƙofar gidan da yake kallon nawa, mutane suna dawowa daga maƙabarta da ƙura a ƙafafunsu. Tsohuwar gidan ce ta rasu, wadda ta yi wa ƴaƴana uku wankan jego. An aiko yaro ya yi sallama sau uku ya buga ƙofa, an yi shela a masallacin unguwa, an yi mata salla a tazarar da ba ta fi taku 40 daga inda nake zaune ba. Babur ɗina yana ƙofar gida, kowa ya san ina ciki.

Na je na durƙusa gaban ɗanta, wanda ya girme ni, na yi ta'aziyya, na soma bayani. Ya ce: “Ba kome, Mushe, ai mun san aiki ya yi maka yawa.” Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta yaya zan gaya wa mutumin da ya binne uwarsa yanzu cewa ina ciki na toshe kunne ina sauraron muryar wata tsohuwa ta wani ƙauye, don kada al'adunmu su ɓace?

Ba na ɗora wa na'urar laifin da ba nata ba. Ni na kulle ƙofa, ni na ƙara murya. Da na ba ƙanen matata labari ta waya, ya ce ai akwai maɓallin da yake shigo da sautin waje, har ka ji kamar ba ka sa kome ba. Haka ne, akwai. Na ce masa to in biya jaka 140 don in ji abin da nake ji kyauta? Inda aka ƙera abin nan, saƙon mutuwa da na haihuwa a rubuce yake zuwa, ya jira mutum a cikin salula. A unguwarmu da baki yake zuwa, sau ɗaya, kuma gawa ba ta jira. Ba banza ba Hausawa suka sa rashin tarbiyya a kunne, suka ce yaro ba ya ji, suka ce kunnen ƙashi, suka ce ya yi kunnen uwar shegu. Shekara 19 ina koya wa yara waɗannan maganganu a allo.

Ba zan ce wa kowa kada ya saya ba. Abokin aikin da yake yawan tafiya tsakanin Tawa da Yamai, ko mai aikin fassara da yake zaune shi kaɗai a ofis kusa da inji, in yana da hali, zai ci moriyar kuɗinsa. Ni dai na mayar. Na sayi mai waya, mai rufe kunne, a kan jaka 12, na kuma gano cewa in na tashi bayan sallar asuba, kafin injin niƙa ya farka, yana fitar mini da karin sautin tsofaffin nan daidai gwargwado. An kafa farantin hasken rana a bisa rufi kafin damina. Sannan na yi abin da ya kamata in yi tun 2023, na shiga shagon tela muka gaisa, na roƙe shi. Ya ce wallahi bai san ɗakin aikina ne a bayan bangon ba. Muka haɗa kuɗi aka sayo bulo 30 da doguwar waya, aka mayar da gurup can ƙarshen filinsa aka kewaye shi. Rurin bai mutu ba, ya dai ragu, ana iya karanta insha'i a cikinsa.

A watan Yuli mai zuwa ina da taro a Yamai, kuma na riga na aika wa ƙanen matata cewa ya ba wani direba kas ɗin ya kawo mini aro, na kwana biyun hanya kawai.