Nahawun Hausa da Harshen Na'ura

Duk wanda ya tashi daga Unguwar Gano ya ratsa Gyadi-Gyadi ya nufi kasuwar waya ta Farm Centre a Tarauni, zai iske samari jingim a rumfuna, kowa da waya a kwance gabansa. Waɗansu gilashi da batir suke canzawa. Waɗansu kuwa aikinsu manhaja ne, su goge wadda ta lalace su ɗora sabuwa. Ciniki da Hausa ake yinsa, gardama da Hausa, koya wa yaron shago aiki ma da Hausa. Amma umarnin da ke tafiyar da wayar an rubuta shi ne da waɗansu harsuna da masana suka zauna suka ƙera, irin su C da Java da Python. Saurayin da ya so ya wuce ɗora manhajar wani ya kai ga rubuta tasa, tilas ya koyi ɗaya daga cikinsu, sau da yawa kuwa Turancin littattafan ne ke kayar da shi tun bai kai ga lissafin ba.

Ɗalibin Sashen Hausa yakan ɗauka wannan magana ta 'yan kimiyya ce, babu ruwansa. Tarihi bai goyi bayansa ba. A 1956 Noam Chomsky, masanin harshe a Amurka, ya kasa nahawu gida-gida gwargwadon irin jimlolin da kowane iri ke iya haifarwa. A 1959 John Backus, wanda ya shugabanci ƙera harshen FORTRAN a kamfanin IBM, ya fito da wata hanya ta rubuta dokokin harshen na'ura, Peter Naur na ƙasar Denmak ya gyara ta aka bayyana harshen ALGOL 60 da ita. Ba a daɗe ba aka gane cewa hanyar Backus da ɗaya daga cikin gidajen Chomsky abu guda ne. Watau bishiyar li'irabin nan da ɗalibi ke zanawa a darasin ginin jimla, ya raba yankin suna da yankin aikatau, irinta manhajar tafinta ke ginawa kafin ta mayar da rubutun mutum umarnin da na'ura za ta bi.

To, ko za a iya ƙera irin wannan harshe da Hausa? Waɗansu al'ummu sun gwada. A 2012 Ramsey Nasser ya ƙera harshe mai suna Ƙalb da Larabci zalla, Yarabawa ma suna da Yorlang. Hanya mafi sauƙi ita ce fassara kalmomi. Python keɓaɓɓun kalmominsa 35 ne kacal, mutum na iya mayar da su Hausa tsakanin Azahar da La'asar, ya sa "idan" da "in ba haka ba" da "gaskiya" da "ƙarya" a gurabensu. Wannan yana da amfani ga mai koyo, ba a raina shi ba, sai dai babbar riga ce aka sa wa baƙo, tafiyarsa tana nan yadda take. Baƙaƙe masu ƙugiya ma sun daina zama hujja. Tsarin ASCII na 1963 gurabe 128 gare shi, babu ɓ da ɗ da ƙ a ciki, amma Unicode ya ba su wuri tun 1991, Python kuma tun 2008 yana karɓar suna kamar "kuɗi" ko "ƙidaya". Abin da ya rage sakaci ne na masu rubuta "baki" suna nufin "baƙi", na'ura kuwa ba ta san uzuri ba.

Aikin na gaske yana wurin harshen damo. Maigida a Farm Centre zai ce da yaronsa: "Idan Audu ya zo, idan ya kawo kuɗi, a ba shi wayar, in ba haka ba a kira wansa." Yaushe za a kira wan? In Audu bai zo ba, ko in ya zo hannu rabbana? Yaron ya san maigidansa, ya san Audu, zai gane. Na'ura ba ta san kowa ba. Wannan matsala ce sananniya ga maƙeran harsunan na'ura, kowannensu da yadda ya warware ta. ALGOL 60 hana jera "idan" biyu kai tsaye ya yi. C ya yanke hukunci cewa "in ba haka ba" na "idan" mafi kusa ne. Python ya bar wa tazarar da aka bari a farkon layi ta raba gardama.

Hausa kuma tana da tata matsalar wadda Turanci bai san da ita ba. A rubuce, "ya tafi" na iya zama labari, na iya zama umarni. A baki babu ruɗu, domin "ya" ta labari doguwa ce mai karin sama, ta umarni gajera ce mai karin ƙasa. Ƙa'idar rubutunmu ba ta nuna tsawon wasali ko karin sauti, ga shi harshen na'ura kacokan ya dogara ne a kan bambanta abin da ya auku da abin da ake so a aikata. Mai ƙera harshe da Hausa dole ya zaɓa, ko ya sa alamomin nan da marubuta suka daɗe da ajiyewa, ko ya tsaya ga umarni kai tsaye irin "tafi" da "kawo". Wannan hukunci ne na nahawu, wanda bai karanci Galadanci ba da wuya ya lura akwai abin zaɓa.

Ba wahala kaɗai Hausa ta zo da ita ba. Tun 1960 F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa zuwa giredi bakwai, inda wasalin ƙarshe da karin sauti ke sauya ma'ana bisa tsari. A ɗauki "ɗebi" da "ɗebe" da "ɗebo". Na farko a ɗauki wani abu a bar saura, na biyu a kawar da shi daga wurin, na uku a kawo shi nan. Ayyuka uku ne da na'ura ke yi da bayanai dare da rana, harsunan da aka gina kan Turanci kuwa sai sun nemo wa kowanne kalma dabam, mai koyo ya haddace su ɗaya bayan ɗaya. Yaron shago ya san bambancin "aika" da "aiko" tun yana goye, ba wanda ya zaunar da shi. Sai dai ba kowane aikatau ne ke shiga giredi bakwai ɗin ba, "ci" da "sha" da "je" ma siffarsu ta asali ba ta bi tsarin ba, saboda haka kafin a rubuta layi guda na manhajar tafinta sai wani ya zauna da ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, ya tsamo aikatau waɗanda ke juyawa ba tare da tawaye ba, ya gwada su a kunnen waɗanda za su yi aiki da su.