A Kan Bindigar Roba da Abin da Aka Faɗa a Kaina

Da so samu ne da na yi shiru, domin ba kowace magana ce ta cancanci jawabi ba. Amma tun da yake al'amarin ya bar zauren gidanmu ya hau Facebook, har mutanen da ban taɓa haɗa tabarma da su ba suka shiga yanke mini hukunci, waɗansu suna cewa na hana yaro abin da ni na mora, waɗansu kuwa suna cewa ai abin da na mora ɗin ma haramun ne tun asalinsa, to ya zama wajibi in warware zare da abawa. Wanda ke gaggawa ya wuce, ba zan riƙe shi ba.

Asalin maganar ɗan ƙanwata ne, yaron da kuka sha ganin hotonsa a nan, ya same ni ya ce, "Kawu, na tara kuɗina, ka taimaka ka sa a aiko mini da irin bindigar nan taka daga waje." Na ce masa a'a, na kuma gaya masa dalili. Bai musa mini a fuska ba, domin yana da tarbiyya, sai dai ya je ya rubuta cewa manyan yanzu sun ci sun sha sun kife ƙwarya. Bai ambaci sunana ba, amma duk wanda ya daɗe a shafin nan ya san hotunan da na riƙa sakawa lokacin ina karatu a Ingila, ina sanye da tabarau da takunkumin raga cikin daji, don haka ba a bukaci tafinta ba.

To, bari in fara da bayanin wasan kansa, domin na lura akasarin masu fatawar ba su san abin da suke yi wa fatawa ba, alhali kuwa malamanmu sun koya mana cewa ba a hukunta abu sai an san surarsa. Wasan nan da ake kira eyasof a Japan aka ƙago shi cikin shekarun 1970, kuma dalilin ƙago shi shi ne dokar ƙasar ta 1958 wadda ta tsananta ƙwarai a kan mallakar bindiga, sai masu sha'awa suka koma ƙera kamanninta, wadda ba ta ƙona albarushi, iska kawai take turawa. Abin da take harbawa ƙwayar roba ce mai faɗin milimita 6, wadda aka fi amfani da ita nauyinta giram 0.20 ne ko 0.25. Akwai mai sifirin da ake ɗanawa da hannu, akwai mai gas, akwai kuma mai batir, wadda kamfanin Tokyo Marui ya fito da ita a 1991 ta kuma zama ita ce ruwan dare. A filin da na yi wasa, kafin a bar ka ka shiga sai an auna gudun ƙwayarka da na'ura, in ya zarce kimanin mita 100 da 'yan kai a sakan guda, sai ka mayar da ita jaka. A wurin hutawa kuwa dole ka zare gidan harsashi, ka harba a ƙasa don a tabbata babu saura. Cikin fili kuma, wanda ya ɗaga tabaraunsa ko da don ya share hazon gumi ne, alƙalin wasa zai busa usur a tsayar da kome.

Amma abin da ya sa na ƙaunaci wasan ba bindigar ba ce. Ƙwayar nan ba ta barin fenti, ba ta barin wata alama da alƙali zai gani daga nesa. Ta kan taɓa ka ne a kafaɗa ko a yatsa, ka ji zafi kamar na tsinken allura, sau da yawa kana bayan kututture babu mai ganinka, wanda ya harbo ma bai tabbata ya samu ba. A wannan lokacin babu shaida a kanka sai kai da Mahaliccinka, kuma ƙa'ida ita ce ka ɗaga hannu da kanka, ka ɗaga murya ka ce an same ka, ka fita. Na ga ƙaton mutum, wanda ya yi rabin sa'a yana rarrafe cikin taɓo don ya zagayo bayan abokan hamayya, saura taku kaɗan ya cim ma burinsa, ƙwaya ta daki itace ta dawo ta goge shi a gwiwar hannu, ya miƙe tsaye da hannu a sama yana dariya. Mutumin nan bai taɓa jin sunan muraƙaba ba, wato kiyaye cewa Allah yana ganinka, amma abin da ya aikata ke nan. Ni kuwa da na zauna gaban malamai a Tudun Wada tun ina riƙe da allo, na sha jin raina yana raya mini cewa wataƙila ganye ne ya taɓa ni. Wanda aka san shi da ƙin ɗaga hannu ba a zaginsa, sai dai ya wayi gari babu mai son shiga rukuninsa.

Ga masu cewa lagawu ne, bai kamaci magidanci mai furfura a gemu ba, ina roƙonsu da su koma ga littafin da muka karanta tare. A ƙarshen Risala ta Ibnu Abi Zaid an halatta gasar dawaki da raƙuma da harbi, Ibnul Ƙayyim kuwa littafi sukutum ya wallafa a kan furusiyya, wato jarumtar hawa da harbi. Kuma ya inganta a cikin Buhari da Muslim cewa Habashawa sun yi wasa da mashi a masallacin Madina, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar Nana A'isha ta kalla. Hujja mafi ƙarfi da ake iya kawo mini, wadda kuma babu wanda ya kawo ta cikin masu sharhin, ita ce hanin nuna ɗan'uwa da makami, da kuma hadisin Abdullahi bin Mugaffal da ya hana jifa da 'yan tsakuwa, inda illar da aka ambata ita ce cutar da ido da haƙori ba tare da wata fa'ida ba. Ni ba mufti ba ne, amma abin da na fahimta shi ne, hukunci yana tafiya tare da illarsa. Idan an killace wuri, an rufe ido da baki, kowa ya shigo da yardarsa, babu wanda aka firgita, to illar ta yi rauni ƙwarai. Idan kuwa aka cire waɗannan sharuɗɗan, ta dawo da ƙarfinta duka. A nan ne jawabina ga masu haramtawa da jawabina ga masu cewa na yi rowa suka haɗu, domin dalilin da ya sa na yi wasan a can shi ne dai ya sa na hana shi a nan.

Kada a ɗauka ban san abin da ke cin yaron ba. Duk mun ga abin da korona ta yi mana: tun daga ƙarshen Maris na 2020 aka kulle Jihar Kaduna har cikin watan Yuni, wasu ranaku kacal a mako ake barin mutum ya fita cefane, Kasuwar Tudun Wada ta yi tsit, azumi ya zo ya wuce babu tafsiri babu asham a masallaci, Ƙaramar Salla babu Idi balle hawa, sannan a Satumba Allah ya karɓi ran Sarkin Zazzau Shehu Idris bayan shekara 45 a kan gado. Makarantu a rufe, jami'a kuma ga annoba ga yajin aiki. Matashi mai jini a jika ya zauna a ɗaki ba shi da abokin hira sai waya, yana kallon tsaransa na wasu ƙasashe. Da aka sake buɗe wasannin fili a Ingila a ƙarshen Maris na 2021, ni kaina abokan wasana sun turo mini hotunansu, wannan yana kukan batirinsa ya kumbura saboda daɗewa a ajiye, wancan yana cewa rigarsa ta ƙi rufuwa a ciki, kuma wallahi sai da na ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Saboda haka wanda ya ce ban san daɗin abin ba, ko kuwa ina yi wa yaro hassada, bai yi mini adalci ba.

Sai dai su mutanen Ingila ƙofa ɗaya aka rufe musu, an kuwa buɗe ta. Mu da aka buɗe mana ta annoba sai muka tarar da wata a bayanta wadda ta fi ta nauyi. A Maris ɗin nan da suke komawa daji da bindigoginsu na roba aka kwashe ɗalibai a Kwalejin Gandun Daji ta Afaka, a Afrilu aka shiga Jami'ar Greenfield, a Yuni kuwa abin ya iso mana har gida, aka afka wa Kwalejin Nuhu Bamalli cikin dare. A irin wannan hali, a garin da ke da Defo na soja da barikin Basawa, ga shingen bincike a hanyoyi, ga 'yan sintiri a unguwanni waɗanda barcinsu ya ƙaurace, a ce saurayi ya goya abin da ko tsohon soja ba zai bambance shi da AK-47 ba sai ya ɗauka ya ji nauyinsa, ya hau babur ya nufi bayan Kufena ko hanyar Wusasa wai zai yi wasa? Wa zai tsaya ya tambaye shi faɗin ƙwayarsa? Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigar iska cikin abin da ba a riƙewa sai da lasisi, ƙaramarta kuwa tana cikin kayan da aka haramta shigowa da su kwata-kwata. Na san lauya zai iya jayayya a kan ko ta roba tana ƙarƙashin wannan, amma jayayyar a gaban alƙali ake yin ta, ba a gaban mai tocila da ƙarfe goma na dare ba, kuma sai mai rai ne ke zuwa kotu. Ko a Amurka, inda doka ta wajabta jan baki mai ruwan lemo a kan irin waɗannan, ɗan sanda ya harbe yaro ɗan shekara 12 a birnin Kilibiland a Nuwamban 2014, abin da ke hannunsa kuwa irin wannan ce wadda jan bakinta ya cire. Ingilar ma da ake yi mini gori da ita, tun dokar 2006 ba a sayar maka da mai kama da ta gaske sai ka kai shekara 18, kuma dillalai ba sa yarda sai ka yi rajista da fili bayan ka halarci wasa sau uku cikin abin da bai gaza wata biyu ba. In ba haka ba sai dai a ba ka wadda aka shafe rabinta da launi mai ƙyalli. Mazhabarmu ta Malikiyya ta shahara da saddu zari'a, toshe kafar da ke kai wa ga ɓarna ko da ita kanta halal ce, ban kuwa san kafar da ta fi wannan bayyana ba. Shi ya sa da zan dawo na sayar da tawa a can, ban ko yi tunanin sa ta a akwati ba, kuma wannan tun kafin al'amura su kai haka.

Wani ya rubuta cewa to me ya hana ni buɗe filin a nan, tun da na san ƙa'idojin. Tambaya ce mai kyau. Ranar da aka sami wuri mai katanga, da izini a rubuce daga hukuma, da sanin mai unguwa da 'yan sanda, kayan wasa kuma suna kwana a wurin ba mai fita da su, kamar yadda wuraren wasan harbin fenti suke yi a Abuja da Legas, to ni ne farkon mai riƙe usur. Kafin nan ga baka da kibiya, waɗanda kakanninmu suka sani, babu kuma mai ganin saurayi yana harbin buhun ƙaiƙayi ya kira sintiri.

Abin da ya fi ɓata mini rai, wanda kuma saboda shi ne rubutun ya kai haka, shi ne cikin waɗanda suka fi ɗaga murya wajen haramta mini wasan da na yi da tabarau a wata ƙasa, akwai waɗanda a Babbar Sallar nan da ta wuce na ga 'ya'yansu a lungunanmu riƙe da ƙananan bindigogin nan na kasuwa masu ƙwaya rawaya, an saya da kuɗin barka da Salla, suna harbin juna a fuska daga taku uku, babu babba ko ɗaya da ya tsawata. Ƙwayar iri ɗaya ce, milimita 6 ɗin nan ce. Ƙarfin ne kawai bai kai ba, ido kuwa ba ya bukatar ƙarfi mai yawa. Ramin ido yana tare ƙwallo saboda girmanta, amma wannan ƙarama ce, kai tsaye take isa ga ƙwayar idon, ta tara jini a gaban baƙin, wani lokaci kuma yanar ido ko hawan ruwan ido su biyo baya bayan an ɗauka an warke. Gilashin karatu ko na rana ba kariya ba ne, fashewa yake yi ya ƙara ɓarna. Idan kuwa ƙaddara ta faɗa, kada a bar yaro ya murza, kada a ɗiga nono ko ruwan sukari ko a sa tozali kamar yadda aka saba; a yanke gindin kofin roba mai tsabta a kifa a kan idon a ɗaure ba tare da an danna ba, a bar shi a zaune kansa a sama, a nufi asibiti a ranar ko da ya ce ya daina jin zafi, asibitin Shika ga shi nan kusa, in abin ya fi ƙarfinsu ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Waɗanda har yanzu suke da irin bindigogin nan a ƙarƙashin gado, tun ba a jira wata Sallar ba, a karɓe ƙwayoyin a zubar a masai, a bar wa yaro bindigar ya yi ƙararta da baki.