Kirari da Awon Ƙarfin Hannu

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa magana tana ƙara wa jiki ƙarfi. Shi ya sa ba a yin gayya sai da ganga, ɗan dambe kuwa ba ya shiga fage sai makaɗi ya wasa shi, kamar yadda Ɗan Anace ya riƙa yi wa Shago. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, al'amarin nan ya kai har ɗakin gashi na asibiti.

A can akwai wani ma'auni mai suna Jamar, wanda ya fito a Amurka a 1954. Majinyaci yakan zauna, ya lanƙwasa gwiwar hannu, ya damƙe shi iyakar ƙarfinsa sau uku, allura ta nuna kilo nawa ya matsa. Da wannan lamba ake gane ko hannun da ya mutu yana farfaɗowa. To, amma tun 1961 Ikai da Steinhaus suka nuna cewa ihu, ko ƙarar bindiga a bayan mutum, yakan sa shi ja fiye da yadda ya saba. Daga baya aka gano muryar mai awo ma tana yin haka, har da ganin allurar tana hawa.

Alal misali, a ɗauki dattijo daga Takur a Dutse, wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Ran farko ma'aikaci ya miƙa masa ƙarfen, ya yi shiru, watakila don nauyin ɗaga wa babba murya. Bayan wata guda wani mai fara'a ya karɓe shi: "Baba, damƙe! Ƙara! Saura kaɗan!" Ɗansa na gefe yana zuga shi. Lamba ta hau, aka rubuta ya sami sauƙi, aka rage masa zuwa gashi, alhali har yanzu hannun bai iya ɗaga butar alwala ba. Lalle an auna kirari tare da hannu.

Saboda haka ne masana suka tsayar da kalmomi ƙayyadaddu da za a faɗa wa kowa, cikin murya ɗaya. Sai dai da Turanci suka tsara su, ma'aikaci kuwa da Hausa zai yi wa dattijon magana. Nan ne aikin ya faɗo kan ɗaliban harshe, domin "riƙe" da "matsa" da "damƙe" ba ɗaya ba ne. Wanda aka ce wa ya riƙe, amana aka ba shi, zai tallabi ƙarfen ne a hankali don kada ya faɗi.