Kwana Huɗu A Bisa Kogin Nilu Da Kaka Da Jikoki

'Yan'uwana mata, da ku 'yammata 'yan makaranta, yawancinmu a littafin labarin ƙasa muka san Kogin Nilu, watau wani siririn zane shuɗi da malama takan bi da sanda daga tsakiyar Afirka har Bahar Rum. To, a bisa wannan kogi akwai jiragen ruwa na masu yawon buɗe ido, suna kai da kawowa tsakanin birnin Luksor da birnin Aswan a kudancin ƙasar Masar, tafiyar kilomita 200 da ɗoriya. Kowane jirgi kamar gidan bene yake, mai hawa huɗu ko biyar, da ɗakunan kwana, da ɗakin cin abinci, da filin shan iska a can bisa. Mai zuwa Aswan galibi yakan kwana huɗu a ciki, mai komowa Luksor kuwa kwana uku. 'Yan makaranta ku lura, ruwan Nilu daga kudu yake gangarowa zuwa arewa, saboda haka wanda ya nufi Aswan haurawa yake yi.

Mu tara muka shiga a lokacin hutun Disamba: Kaka, da Baba, da Umma, da yayana da matarsa da 'ya'yansu biyu, da ƙanwata wadda ke sakandare, da ni. An sha muhawara a gida kafin a yarda a tafi da Kaka, don ta kusa shekara 80, ga kuma ciwon gwiwa. Umma ta ce wahala ce kawai za a ɗora wa tsohuwa. Baba kuwa ya ce in ba a tafi da ita bana ba, ba wanda ya san baɗi. Ita da kanta ta raba gardamar, ta ce duk inda mijinta ƙarami ya sa ƙafa, watau ɗan yayana mai shekara biyar, nan za ta sa tata.

Maganar Umma tana da ƙamshin gaskiya. Jirginmu ba shi da na'urar hawa bene, ɗakin cin abinci kuwa yana can ƙasa daf da ruwa, sai an sauka matakala sau uku a rana. Har wa yau, in an tsaya a gari jiragen sukan jeru ne gefe da gefe, wani lokaci huɗu ko biyar, sai ka ratsa ta cikin na maƙwabta kafin ka taka ƙasa. Duk wadda za ta tafi da tsohuwa, to, tun wajen biyan kuɗi ta tambayi wane hawa ɗakin yake, kada ta bari sai an shiga.

A Luksor aka fara kai mu Karnak, gidan bautar mutanen dā, inda akwai wani zaure mai ginshiƙan dutse 134. Washegari da sassafe aka haye da mu yammacin kogi zuwa Kwarin Sarakuna, inda aka haƙa wa Fir'aunoni kaburbura cikin dutse. A nan ne wani Bature mai suna Howard Carter ya gano kabarin yaron sarkin nan Tutankhamun a 1922. Kaka ta ce ita kam ba ta baro gida don ta ziyarci kabarin Fir'auna ba, ta yi zamanta a jirgi da carbinta. Ƙanwata kuwa, da za a bar ta, da sai ta shiga kowane rami. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ginin Hatshepsut, mace wadda ta mulki Masar wajen shekara 20, yau kimanin shekara 3,500 ke nan. Masu sassaƙa sukan yi siffarta da gemun sarauta irin na maza, kuma bayan rasuwarta aka bi aka kankare sunanta daga bango da yawa. Ga shi yau jagora yana faɗin sunan nan da ƙarfi, 'yammata suna rubutawa.

A ganina, nan amfanin jirgi yake ga iyali mai manya da yara. Gidan ne yake tafiya da ku. Mai son yawo ya fita, mai gajiya ya zauna, da azahar kowa ya komo akushi ɗaya, ba ɗaure kaya ba kwancewa.

Da la'asar jirgi ya tashi. Kai, jama'a! Wanda bai gani ba zai yi tsammani ƙasar Masar faɗi gare ta ko'ina da gonaki. Ashe wani wurin koren bai fi a taka shi da ƙafa cikin 'yan mintoci ba: ga rake, ga ayaba, ga dabino, sa'an nan nan da nan sai rairayi da duwatsu jajaye. Kusan dukan mutanen ƙasar a bakin kogin nan suke zaune, don in an bar shi babu ruwa. Kaka ta sa aka kafa mata kujera a inuwa a saman jirgi, tana duban manoma da jakunansu, tana yi musu sannu da aiki ko da ba su ji. Wurin nan ne kuma uwa za ta sa ido ƙwarai, don akwai kwarmin wanka a tsakiya, ga ƙarfen gefe wanda yaro zai so ya hau. Matar yayana ba ta zauna minti biyar cur ba in muna can.

Da muka kusa Isna sai ga 'yan kasuwa cikin ƙananan kwale-kwale sun ɗaure a jikin jirgi, suna jefo riguna da mayafan tebur cikin leda har hawa na biyar. In kin so ki sa kuɗi a ledar ki jefa, in ba ki so ki mayar da kaya. Umma ta yi ciniki da yatsu har ta sami jallabiya a rabin kuɗin da aka fara faɗa. A Isna ɗin akwai madatsa, sai jirgi ya shiga wani lungu, a rufe ƙofar baya, a sako ruwa, ka ga bango yana nutsewa jirgi yana tashi, kana a buɗe ƙofar gaba ya wuce.

Batun abinci shi ne abin da muka fi jin tsoro saboda Kaka, sai ya zama shi ne mai sauƙi. Daren farko ta ɗanɗani wata koriyar miya mai yauƙi da suke kira mulukiyya, ta dube ni ta ce, "Ke kishiya, ai wannan lalo ne!" Lalon ne kuwa. Jan abin shan da suke tarbar baƙi da shi, karkade, zoɓo ne. Bamiya kuwa kuɓewa ce. A kasuwar Aswan ma har goriba muka gani tuli, suna jiƙa ta su sha. Ma'aikatan jirgi suna ce mata "ya Hagga", don mutanen Masar da yawa "ga" suke faɗa a wurin "ja". Abin da bai yi mini ba shi ne daren da aka kawo mai rawa ɗakin taro, ga kuma teburin masu shan giya a gefe. Ba a tilasta wa kowa zuwa, amma ya kamata uwa ta san da shi tun da wuri. Wajen salla kuwa sai an tambayi ma'aikata ko an duba waya kowane lokaci, don kogin yana lanƙwasa, alƙibla tana sauya gefe.

A Idfu da keken doki ake zuwa gidan bautar, wanda aka fara ginawa shekara 237 kafin haihuwar Annabi Isa. A Kom Ombo yara suka ga kadojin da aka busar aka adana tun zamanin dā, ni kuwa na tsaya gaban wani bango da aka zana kayan aikin likita da mata a kan kujerar haihuwa.

Aswan ita ce ƙarshen tafiya. A nan babbar madatsar ruwa take, wadda aka gina daga 1960 zuwa 1970. Ita ta hana ambaliyar da kogin yakan yi kowace shekara, ta ba da lantarki, amma tafkin da ya taru a bayanta ya cinye garuruwan mutanen Nuba, aka kwashe dubban iyalai, da yawansu aka zaunar da su a wajen Kom Ombo. Gine-ginen tsibirin Fila ma sai da aka tsinke su dutse-dutse aka sake ginawa a wani tsibiri mai tudu.

Da jagora ya ce ruwan nan ta Sudan ya biyo, sai Kaka ta gyara zama ta kira jikoki. Ta ba su labarin mutanenmu da suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, da kuma alhazan dā da sukan yi shekaru a hanyar Makka da ƙafa, waɗansu su zauna can Sudan su yi noma ba su komo ba. Ta ce a dangin kakanta ma akwai waɗanda suka tafi haka. Mu da muka girma a gabanta ba mu taɓa jin wannan ba, har Baba ma sai da ya matso da kujerarsa. Ƙanwata ta juya bayan littafin da take rubuta sunayen Fir'aunoni, ta ce, "Kaka, a hankali, sake faɗa mini sunan garin."