Baka a Hannu, Bindiga a Ƙirji?

Mu biyu ne, wa da ƙane, jikokin maharbi. Kakanmu a gefen dajin Falgore ya yi rayuwarsa, da baka da kwari da kibau masu dafin kwankwani. Ba mu gaji komai a sana'arsa ba sai labari, domin boko ya ɗauke mu tun muna ƙanana. Abin dariya, sai da karatu da neman abinci suka jefo mu garin Bozman na jihar Montana a Amurka, sannan muka fara jan tsarkiya. Wani dattijo Bature maƙwabcinmu ne ya koya mana, da irin bakan nan na zamani mai ƙananan tayoyi sama da ƙasa.

Abin da ake bi a nan shi ne elik, wata dabba mai kama da gwanki amma mai ƙaho rassa-rassa, namijinta yakan kai kilo 300. Lokacin masu baka a farkon Satumba yake buɗewa, daidai sa'ad da mazan ke kururuwar neman mata. Sai dai dajin ba na elik kaɗai ba ne. Duwatsun da ke kewaye da gandun Yalosuton gidan girizili ne, babban beyar mai tozo, kuma a wannan watan ba ya aikin komai sai ci, yana tara kitsen da zai kwanta da shi a hunturu.

Duk shawarar da ake ba mai yawo a dajin beyar, maharbi saɓa mata yake yi. An ce ka yi surutu don ya ji ka ya kauce, mu kuwa sanɗa muke yi. An ce kada ka fita da asuba ko da almuru, mu kuwa lokacinmu ke nan. Mukan bi ta inda iska ba za ta kai warinmu gaba ba, mu ɓuya a bayan itace muna busa kukan macen elik, wato muna kwaikwayon abincinsa. In an dace kuma, sai mu durƙusa kan gawa hannu duk jini, kai a sunkuye.

A shekararmu ta biyu, wata safiya a duwatsun Galatin, muka juyo ta hanyar da muka bi kafin awa guda. A cikin taɓo muka ga sawunsa, faɗinsa ya fi tafin hannu, da zanen farata a gaba. A kan sawun takalminmu ya taka. Ba mu gan shi ba, ba mu ji motsinsa ba. Har muka isa mota babu wanda ya ce uffan. Sai da muka hau kwalta ƙaraminmu ya ce, "Yaya, bindiga za mu saya."

Gardamar da ta ci mana sanyin shekarar gaba ɗaya ke nan.

Hujjar ƙaraminmu a fili take. Kibiya ba ta tsayar da dabbar da ta taso maka. Kisanta sai jini ya zuba, kuma wannan yana ɗaukar lokaci. Dokar Montana ba ta hana mai baka rataya ƙaramar bindiga don kare kai ba, muddin ba da ita zai harbi naman ba. Gwangwanin feshin barkonon da muke ɗauke da shi kuma iyakarsa mita 8 ko 9, ba ya kai daƙiƙa 10 ya ƙare, in iska ta juyo kuwa idonka zai fara shiga. Ya ce shi yana da mata da jaririya, ba zai jingina ransa ga yaji ba.

Babbanmu ya koma ga abin da masana suka rubuta. Tom Smith da Stephen Herrero da abokan aikinsu sun bi diddigin arangamar mutane da beyar a Alaska. A bincikensu na 2008, feshin barkono ya dakatar da irin wannan beyar a kashi 92 cikin 100 na lokutan da aka fesa. A na 2012, ƙaramar bindiga ta yi aiki a kashi 84, doguwa a kashi 76. Ba lallai a jera alkaluman kafaɗa da kafaɗa ba, don yanayin da aka tara su ya bambanta, amma sun isa su nuna cewa bindiga ba laya ba ce. Girizili na gudun kilomita 55 a awa. In ya taso daga mita 30, daƙiƙa biyu gare ka ka ajiye baka, ka zaro, ka saita, ka sami ƙwaƙwalwa ko laka a jikin abin da ke tsalle yana nufo ka. Mu da a filin gwaji ma, takarda a tsaye, hannunmu ke rawa. Ga kuma abin da ya fi ba babbanmu tsoro: in beyar ya danne ɗayanmu, ɗayan ya ɗaga bindiga, wa zai samu? Barkono in ya sami ɗan'uwanka, kuka zai yi ya warke.

Dattijon maƙwabcinmu bai goyi bayan kowa ba. Labari ya ba mu, wanda daga baya muka tarar jaridu sun buga. A Satumbar 2018, a jihar Wayomin, wani jagoran mafarauta da baƙonsa suna feɗe elik ɗin da baƙon ya harba da baka, sai girizili ya afka musu. Akwai bindiga, amma tana cikin jaka can gefe. Baƙon ya zaro ta ya kasa harbawa, don bai san kanta ba. Jagoran ya rasu. Dattijon ya ce duk abin da ba ya jikinka, ko hannunka bai saba da shi ba, ka ɗauka ba ka zo da shi ba.

Akwai wata maganar da ba mu yi a gabansa ba, don ba lallai ya gane ba. Tsakanin gida da daji akwai titi, kuma mu baƙaƙen fata ne masu sunan Musulmi. A 2016 a Minesota, ɗan sanda ya tsayar da Philando Castile, ya faɗa da bakinsa cewa yana ɗauke da bindiga, mai lasisi ce kuwa, aka harbe shi a cikin motarsa. A Maris ɗin 2025 kuma muka wayi gari da labarin Uromi, inda aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke hanyar komawa gida, bayan an ga bindigogin gargajiya a motarsu. Ranar Inna ta kira mu tana kuka, ita da ba ta ma san muna shawarar bindiga ba. Ta ce, "Ku dai ku bar dajin nan, naman kanti bai ishe ku ba?" Ba mu da amsar da za mu ba ta. Bindigar da za ta tsare ka a daji, ita ce za a iya kafa hujja da ita a kanka a bakin hanya.

Ko harbin ma ba ya ƙarewa a daji. A 1975 aka sa girizili ƙarƙashin kariyar dokar tarayya a wannan yanki. In ka kashe shi don ceton rai doka ta yarda, amma sai ka kai rahoto, jami'ai su zo su auna sawu su yi maka tambayoyi.

A ƙarshe mun sayi guda ɗaya, bayan ƙaraminmu ya yi wata huɗu yana zuwa filin gwaji duk Asabar. A mota tana kulle cikin akwati, babu harsashi, takardu a sama. A daji tana ƙirjinsa, ba a jaka ba. Kowannenmu na da barkono a ɗamara, kuma mun yi alkawari shi za a fara zarowa. In nama ya faɗi, ɗaya ke fiɗa, ɗaya na tsaye yana kallon bishiyoyi, muna hira da ƙarfi da Hausa.

Har yau babbanmu bai taɓa ta ba, kuma yana nan a kan cewa nauyin banza ce. Satumbar da ta wuce muka sami elik ɗinmu na farko dab da magariba. Sawu huɗu muka yi muna kwasar nama da fitila a goshi. A sawu na uku wani reshe ya karye a cikin duhu, muka daskare. Da muka duba, ƙaraminmu gwangwanin barkono ne a hannunsa, babbanmu kuwa ya koma bayansa yana raɗa, "Ina bindigar taka?"