Su Wane Ne Suke Amsa Wa Narambaɗa?

'Yan'uwana ɗalibai, abin da ya sa na ɗauki alƙalami ƙaramin abu ne, amma ya hana ni sakat. Abokin kwanana a ɗaki yana da wata ƙungiyar makaɗa ta Amurka da yake mutuwar so, wai ita Green Day, masu kiɗan nan na samari mai sauri da hayaniya da ake kira pop punk. Wata rana ya zauna ya ba ni tarihinsu tiryan-tiryan: yadda suka faro suna yara a Kalifoniya a 1987, da yadda faifansu Dookie ya fitar da su duniya a 1994. Ya lissafa mini su ukun da sunayensu, har mai buga ganga. Da ya gama sai ya ce, to, kai ɗan Hausa, su wane ne suke amsa wa Narambaɗanka? Na buɗe baki, na rufe.

Alhali kuwa ni mutumin Kasuwar Daji ne, ta ƙasar Ƙauran Namoda, kuma da waƙar Narambaɗa aka yaye mu. In tarihin shi kansa ne, sai in ba da shi ido rufe. A Tubali aka haifi Ibrahim Narambaɗa, can wajen Shinkafi. Mahaifinsa ba makaɗi ba ne, ta wajen uwa ya sami kotso. Da kiɗan noma ya fara, kamar yawancin manyan makaɗan ƙasarmu, sa'an nan ya koma kiɗan fada, ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, wanda ya yi wa Bakandamiya. Ya rasu a farkon shekarun 1960. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996 ma, mahaifarsa ta faɗo jiha ɗaya, fadar ubangidansa ta zauna wata. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya yi littafi sukutum a kansa a 2009. Duk wannan mun haddace saboda jarrabawa.

To amma wanda ya saurari faifan da kunnen basira ya san ba mutum ɗaya yake ji ba. Jagora yakan ɗauko ɗan waƙa ya kai shi rabi, ya sake shi, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, su yi ƙari, kana su dawo da kowa kan gindin waƙa. A hannuwansu kotsannin suke, suna kiɗa suna amshi lokaci guda, ga sanƙira a gefe yana ɓaɓatu yana fayyace wanda ake nufi. Mutanen da suke ƙarasa maganar da ba a gama faɗa ba, ai a cikinsu waƙar take zaune. Su ne ma'ajiyarta a zamanin da babu rikoda. In jagora ya yi tuntuɓe su ne suke rufa masa asiri, mai sauraro bai ko sani ba. Dubi gidan su Musa Ɗanƙwairo na Maradun, wanda ya rasu a 1991: shi kansa ya daɗe yana amshi bayan mahaifinsa da wansa Kurna kafin ya ja tasa ƙungiya, kuma 'ya'yansa a bayansa suka koyi sana'ar. Watau amshi shi ne makarantar, mu kuwa a aji sai mu ba shi layi biyu mu wuce.

Akwai dalilin da ya sa tambayar abokina ta yi mini zafi fiye da kima. Kakana na wajen uwa ɗan amshi ne. Ba na Narambaɗa ba, na wani makaɗin noma ne da sunansa bai wuce ƙauyukanmu ba. Shekara da shekaru suna bin gayya da damina, da kaka kuma su bi kasuwanni da gidajen biki, har Zurmi. A gidanmu ba a son zancen. Mahaifina malami ne, ya ce roƙo ne, mu kuwa ba maroƙa ba ne. Ni ma da na zo jami'a, ranar da malaminmu na adabin baka ya tambaya ko akwai wanda ya fito gidan kiɗa, sai na sunkuyar da kai. Ina rubuta sharhi a kan azancin makaɗan fada ina samun maki, ina kuma ɓoye tsohon da ya san abin ciki da waje. Wannan in ba munafunci ba, mene ne?

Da hutun da ya wuce na je na same shi a Ƙaura, inda rashin zaman lafiya ya kore su ya zaunar. Gayyar ma yanzu ta yi wuya, don gonar da ke nesa da gari ba kowa ke iya zuwanta ba. Na ce, Kaka, ina son ka ba ni labarin ƙungiyarku. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Kai wanga ɗan boko, yau kuma mi ya kawo ka ga maroƙa?"

Sai da na sayo masa goro ya saki baki. Ya ce su bakwai ne, ya kira su ɗaya bayan ɗaya, da garin kowa da irin muryarsa. Ya faɗi yadda ake rabo in an dawo, jagora ya ɗauki babban kaso, saura a bi girma, yaro mai ɗaukar kaya ya tashi da abin da ya samu. Ya faɗi yadda suka taɓa watsewa shekara guda a kan wata riga da aka ba su, da yadda mutuwar jagoran ta kashe ƙungiyar a wata ɗaya, don ɗansa ya zaɓi tuƙin mota. Cikin bakwai ɗin shi kaɗai ya rage.

Na roƙe shi ya rera mini ko ɗa guda in ɗauka a waya. Ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya yi shiru. Can sai ya ce shi bai iya farawa ba, tun da yake bai taɓa fara waƙa ba, sai an ɗauko ya karɓa. Na ce to ya koya mini farkon, ni in ɗauko masa. Muka yi haka har aka kira la'asar, ina ɓatawa yana gyara mini, yana ce da ni muryata kamar ta ɗan akuya.