An Aika



Duk shekara idan watan Muharram ya tsaya, nakan rufe tsohon littafi in buɗe sabo. Shekara 23 ke nan ina magatakardan dattijon unguwarmu a nan Sokode, kuma babu abin da ke cikin littafin sai al'amuran jama'a: haihuwa da rasuwa, ɗaurin aure, gudummawar gyaran masallaci, baƙon da ya sauka da ranar da ya tashi, sulhun da aka yi a zaure da sunayen shaidu. Da ajami nake rubutu, don da shi hannuna ya saba tun makarantar allo. Bana da na zauna bitar littafin 1446 kafin in ɗaure shi, sai idona ya tsaya a shafin Rajab, a kan kalma biyu da na rubuta da hannuna: an aika.

Ga yadda abin ya faru. Wani dare cikin hunturu, bayan sallar isha'i, wani direba ya kawo mana mutum daga tasha, yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Ya ce ɗan koli ne daga ƙasar Dapango, za shi Lome neman magani, jiki ya ƙi a hanya. Katinsa ya sha ruwa har hoton ya goge. Ba wanda ya san shi, shi ma bai san kowa ba.

Ba zan ɓoye muku ba, hankalina bai kwanta da shi ba. Kun san abin da arewacinmu ke ciki tun harin farko a yankin Kpenjal cikin Nuwamban 2021, da na Kpekpakandi a Mayun 2022 inda sojoji 8 suka rasa rayukansu, har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a yankin Savanes a watan Yunin wannan shekara. Tun daga lokacin, baƙon da ya fito daga can ana yi masa kallo biyu, mu kuma masu riga da hula da Hausa a baki mun san cewa idan zargi ya tashi, ƙofarmu yakan fara ƙwanƙwasawa. Na raɗa wa Maigida cewa a mayar da mutumin tasha, gobe hukuma ta san yadda za ta yi da shi.

Maigida ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya ce, “Malam, kakanka da wace takarda ya shigo Didawure?”

Tambayar ta same ni inda ba na so. Kakannin da yawa daga cikinmu fatake ne da suka biyo ayarin goro daga Kano da Katsina, su ratsa Jugu, su ya da zango a nan ƙasar Kotokoli kafin su wuce Salga a Gwanja. Abin da ya riƙe wannan ciniki shi ne mai masauki: ya ba baƙo ɗaki, ya tsare masa kaya, ya tsaya masa a gaban sarki, in ya mutu ya binne shi ya aika wa danginsa. Ni da nake ba yara wannan labari da alfahari, ga shi ya zo ƙofata yana tari, ina neman korarsa.

Sai dai Maigida bai yi wasa da tsorona ba. Ya ce a shimfiɗa wa baƙo a ɗakin zaure, da safe kuma ni da kaina in je in shaida wa hukuma cewa wane ɗan wane ya sauka wurinmu. Ni na ɗauka dole a zaɓi ɗaya, ko dai a bi doka ko a girmama baƙo. Shi ya yi duka biyun kafin hantsi, bai ga wani abin mamaki a ciki ba.

Kwana tara baƙon ya yi. An kai shi asibiti, an sayi magani, amma kwana ya ƙare. Daren da zai cika ya kira ni, ya kwance wani ƙulli daga lalitarsa, jika 85 na sefa. Ya ce mutum biyu na bin sa bashi a kasuwar Dapango, mai hatsi da mai atamfa, ya faɗi sunayensu da adadin. Abin da ya rage na iyalinsa ne. Na rubuta a gaban shaidu biyu. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ya san tsarin: hidimar gawa, sai bashi, sai wasiyya, sannan gado. Maigida ya ce likkafani da haƙa kabari a wuyansa, kada a taɓa ko dala ɗaya.

Lambar wayar da marigayin ya bari ba ta shiga. Na gwada kwana uku, sannan na rubuta wasiƙa na ba wani yaron mota da ke zuwa Sinkase, na ce ya miƙa ta ga limamin unguwar da aka kwatanta mini. Na dawo na buɗe littafi na rubuta: an aika. Daga ranar nauyin ya sauka daga zuciyata, kamar rubutun ne ya kai saƙon.

Kuɗin kuwa suna akwatina. Sha'aban ya zo na ce sai sanyi da ƙura sun wuce. Ramadan ya zo na ce wa zai yi tafiya da azumi, ga tafsiri, ga rabon zakkar kono. Duk hujjoji ne masu kyau, kuma kowace na faɗa Maigida sai ya gyaɗa kai kawai. Gaskiyar magana, hanyar nake tsoro.

Mako guda bayan ƙaramar salla ya ce, “Malam, ni fa na tsufa. In na riga ka, wa zai gaya wa Allah inda kuɗin marayu suka kwana?” Washegari na hau mota.

Tafiyar ta kusa kilomita 300. Mun bar Sokode da asuba, muka wuce Bafilo da Kara da Kante, rana ta buɗe sosai kafin mu haye kogin Oti a Mango, garin da har yau ake kira Sansane Mango, kuma kowane Bahaushe ya ji sansani a cikin sunan. Manyan motoci jere da juna, da yawansu kayan Nijar ne daga tashar jiragen ruwa ta Lome, tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023. A kowane shinge a sauko, a nuna kati, a faɗi wurin wanda za a je. Sojojin aikinsu suke yi, ban ga laifinsu ba. Amma da aka tambaye ni wa na sani a Dapango, na buɗe baki na rasa suna. Nan na tuna mai tari.

Limamin ya karɓe ni hannu biyu. Sai da aka kawo ruwa da tuwo, na ci na ƙoshi, sannan ya tambayi abin da ke tafe da ni. Na ce game da wasiƙar da na aiko a Rajab. Ya ce, “Wace wasiƙa?”

Matar tana zaune a wani ɗaki da aka ara mata a bayan masallaci, ita da yara huɗu. Daga ƙauyensu suka taso shekaru biyu da suka wuce, lokacin da kwana a can ya gagara. Wayar kuwa ta faɗa rijiya tun bayan tafiyarsa da kwana biyu. Kusan wata uku tana jiran mutum ya dawo daga Lome. Ta yi azumi tana yi masa addu'ar samun sauƙi, ta yi wa yara kitso da lalle ranar salla ko zai iso. Daga bakina ta ji.

Na sha zuwa ta'aziyya, na sha karanta wasiƙun rasuwa ga waɗanda ba su iya karatu ba, amma ban taɓa zama irin wannan ba. Da ta natsu, ba ta tambayi kuɗi ba. Ta ce wa ya yi masa wanka. Ta ce mutum nawa suka sallace shi, ya samu yin kalmar shahada, kabarin yana inuwa ko yana rana. Na zo da littafi a jaka, adadin kuɗi da sunayen shaidu duk suna ciki, amma ko ɗaya daga cikin tambayoyinta babu amsarta a shafin. Da abin da na iya tunawa na amsa. Liman ya bayyana mata cewa takaba wata huɗu da kwana goma ce, kuma daga ranar rasuwa ake ƙirgawa, don haka wata ɗaya da rabi ya rage mata. Ta ce, “Ashe har takabar ma an ci mini rabi.” Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mai hatsi ya yafe bashinsa nan take, ya ce a ƙara wa yara. Mai atamfa ya karɓi nasa ya ƙirga sau biyu. Wasu sun yi gunaguni, ni ban yi ba; hakkinsa ne, kuma marigayin da bakinsa ya ce a biya.

Da na dawo na faɗa wa Maigida komai, har maganar wasiƙar. Na zaci zai yi mini faɗa. Ya ce yaron mota mai yiwuwa ya manta, yaro ne; ni fa da na san lambar ba ta shiga, me ya hana ni tambayar ko saƙo ya isa? Na ce na riga na rubuta. Ya ce, “To, ai takarda ba ta da ƙafa.”

Akwai sauran abubuwan da shekarar ta zo da su. Idona ya fara neman tabarau, ɗana ƙarami yana amsa mini Hausa da Kotokolanci, samari kuma suna so a mayar da littafin cikin waya, ban ce a'a ba. Amma shafin Rajab ne na kasa wucewa. A sabon littafi na ja layi ɗaya a gefen kowane shafi, wurin rubuta ranar da amsa ta dawo da sunan wanda ya kawo ta. Babban ɗan marigayin ya aiko cewa zai zo bayan girbi ya ga kabarin mahaifinsa. Damina ta sa ciyawa ta rufe wurin, don haka ranar Juma'ar da ta wuce na ɗauki fartanya na je na share, na ƙara dutse biyu a wajen kai don kada in ɓata idan ya zo.